Ruwan lagireto ba ya raguwa banza: abin da gumin gilashi ke faɗa wa direba

Ƙorafi biyu ne direbobinmu na Makka da Jidda suka saba kawowa daban-daban, kamar babu abin da ya haɗa su. Wani ya ce motarsa tana shan ruwa, duk bayan 'yan kwanaki sai ya ƙara, kuma bai ga inda yake zuba ba. Wani ya ce gilashin gaba yana yin gumi daga ciki, yana gogewa yana dawowa. Na farko sai a nufi mai lagireto a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran motoci, na biyu a ɗora wa mai gyaran esi, ko a ce yanayi ne kawai. Alhali idan alamomin nan biyu suka haɗu a mota ɗaya, sau da yawa ciwo ɗaya ne, kuma mazauninsa wani ɗan ƙaramin lagireto ne da ke ɓoye a bayan dashbod, wanda da yawanmu a ƙasar nan ba mu ma san muna yawo da shi ba.

Kafin a kai gare shi sai an yarda da abu ɗaya: hanyar ruwan inji a rufe take. Famfon ruwa ne ke tura shi ya zagaye jikin inji ya kwaso zafi, ya bi tiyo ya shiga lagireto, iska da fanka su huce shi, ya koma. Ba a ƙona shi kamar fetur, ba ya ƙarewa don an yi doguwar tafiya. Motar da lafiyarta ƙalau tana yin watanni ruwan da ke robar ajiyarta na nan tsakanin layuka biyun da ke jikin robar, ya ɗan hau idan inji ya yi zafi, ya sauka idan ya huce. Shi ya sa ban yarda da maganar nan ta cewa zafin Saudiyya ne ke shanye ruwan ba. Zafi yana tsufar da roba da tiyo, wannan gaskiya ne, amma ruwan da ya ragu ta wata kafa ya fita. Ko dai ya zuba waje, ko ya shigo inda mutane ke zaune, ko ya shige cikin injin kansa. Duk aikin bincike shi ne gano wacce a cikin ukun nan, kuma bambancin kuɗin gyara tsakaninsu ba kaɗan ba ne.

Gilashi shi ne shaida na farko, sai dai ba kowane gumi ne ke nuna laifin inji ba. Gilashi yana gumi ne duk lokacin da iska mai danshi ta taɓa shi yana da sanyi, kamar yadda gorar ruwan da aka ciro daga firiji ke jiƙewa ta waje. To abin tambaya, ta wane gefe gumin yake? A Jidda da Yanbu da Jizan da Dammam, inda danshin teku ke lulluɓe gari da daddare a lokacin zafi, esi yana sanyaya gilashi daga ciki, sai iskar waje ta ajiye ruwanta a kansa. Wannan gumin na waje ne. Kunna waifa, in ya share shi an gama magana. Ka kawar da iskar esi daga kan gilashi, ka ɗan rage sanyin, shi ke nan.

Na ciki shi ma yana da nasa dalilan da ba su shafi inji ba. Wanda ke jigilar masu Umara ya san wannan: mutum biyar ko shida sun yi wanka a miƙati, a Sail Kabir ko Abyar Ali, sun shigo da danshi a jiki da tawul a hannu, ga numfashinsu, ga sanyin asuba a waje, ga maɓallin nan mai hoton mota da kibiya tana juyawa a ciki yana kunne, wato iskar ciki ce kawai ke zagayawa. Dole gilashi ya rufe. Haka ma idan an wanke mota an jiƙa kafet, ko robar ƙofa ta saki ruwan sama ya shiga. Irin wannan gumin ruwa ne zalla. Ba ya wari, ka goge da tsumma gilashi ya fita tas, kuma da zarar ka kashe maɓallin nan ka bar iskar waje ta shigo, ka kunna esi ka juya iskar sama zuwa gilashi, cikin minti kaɗan ya washe.

Wanda ya kamata ya ɗaga hankali yana da kamanni na daban. Sa yatsa ka ja layi a kansa, ka murza yatsun biyu: za ka ji santsi da ɗan danƙo, kamar an shafa mai. Ka goge da tsumma, maimakon ya fita sai ya yi dabbare-dabbare, da daddare fitilun motocin da ke tahowa su riƙa tarwatsewa a kansa. Yana farawa ne daga ƙasan gilashi, daidai bakin ramukan iska. Sannan abin da ya fi tona asirinsa: ka juya iska zuwa gilashi don ta share shi, sai ya ƙaru. Ga kuma wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ke cika mota idan inji ya ɗauki zafi, wanda turaren mota ba ya iya danne shi. Wannan ba numfashin fasinja ba ne, tururin ruwan lagireto ne fanka ke hurowa cikin mota.

Hanyar da ya biyo ita ce hita, wadda masu warsha, wato garejin gyaran mota, a nan ke ce wa daffaya. A bayan dashbod akwai ɗan lagireto wanda girmansa bai wuce na littafi ba, da tiyo biyu da suka ratso bangon da ke tsakanin inji da wurin zama suna kawo masa ruwan zafi suna mayarwa. Idan ana son ɗumi, fanka ta hura iska ta cikinsa. A nan ne ake yawan jin musu a warsha. Mai mota ya ce, "Mu'allim, ni fa tunda na sayi motar nan ban taɓa kunna hita ba." Mai gyara ya ce, "Alhaji, kai ne ba ka kunna ta ba, ruwa bai daina bi ta cikinta ba." Mai gyaran ne ke da gaskiya. A yawancin motocin yanzu ruwan zafi yana ratsa hita a kowane lokaci, rani da hunturu. Abin da maɓallin ke yi kawai shi ne buɗe ko rufe wata 'yar ƙofa da ke ba iska hanya. Saboda haka tsatsar da ke cin babban lagireto tana cin ƙaramin, kuma bututunsa sun fi siranta, su ne ke fara hujewa.

Idan ya huje, ruwan ba ya sauka a ƙasa inda za a gan shi da safe. Yana taruwa a akwatin iska, wani ya tashi tururi, wani ya gangaro ƙarƙashin kafet, galibi ta gefen fasinja na gaba. Mu kuma a nan mun saba shimfiɗe ƙasan mota da leda ko fata don ƙura da yashi, sai ruwan ya kwanta a ƙarƙashi soso ya yi ta sha, sama kuwa a bushe. Ɗaga shimfiɗar, ka tura hannu can gaba inda kafet ya haɗu da dashbod, ka danna da farin tishu. Idan tishun ya fito da launi, ja ko kore ko ruwan hoda, yana santsi yana ƙamshin nan, ka sami ɓarawon. Idan ya fito da farin ruwa mara wari mara santsi, wannan kuma ruwan esi ne: ɗan bututun da ke zubar da shi ƙarƙashin mota ya toshe da ƙura, ya dawo ciki. Gyaransa busa iska ne a bututun, kuma ba shi da hannu a raguwar ruwan inji. Wanda kuma ya daɗe yana zuba ruwan famfo a lagireto ba zai ga launi ba, sai dai jan tsatsa, kuma ƙamshin ba zai fito sosai ba. Wannan yana cikin asarar da ruwan famfo ke jawowa: yana ɓoye shaida.

Akwai ƙananan alamu da ke rakiya. Ka tayar da mota da safe ka ji ƙarar gudun ruwa a bayan dashbod, wannan iska ce ta shiga inda ruwa ya bari. Ka kunna hita a sanyin Riyad ko Tabuka ta ƙi ɗumi, ko ta yi ɗumi idan kana gudu ta huce idan ka tsaya. Kada kuma allurar zafi ta yaudari mutum. Abin da ke auna zafin a cikin ruwa yake zaune, idan ruwan ya sauka ƙasa da shi yana iya nuna komai lafiya alhali kan inji yana gasuwa.

Idan gilashi bai nuna komai ba, kafet a bushe, ruwa kuma yana raguwa, sai a koma waje. Wuri na farko da zan sa a duba shi ne mafi arha: murfin lagireto. Mutane na raina shi, amma shi ke riƙe da matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, inji kuwa a dab da nan yake aiki. Dubi saman murfin, a yawancin motocin Japan za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato yawan matsin da yake riƙewa a ma'aunin da ake kira bar. Da matsin da ya kai kusan bar 1, ruwa zalla sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa, wanda aka gauraya rabi da rabi da maganin lagireto, ruwan nan mai launi da ake saya musamman dominsa, kuwa ya kan kusanci 128. Idan robar murfin ta bushe ko sifirin ɗinsa ya saki, wannan ratar ta tafi. Ruwa ya riƙa tserewa ta robar ajiya yana fita tururi, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Motar tana iya yin lafiya-lafiya a cikin Jidda, amma ranar da ta kama hawan Hada zuwa Ɗa'ifa asirinta ya tonu. Inji yana jan nauyi a ƙaramar giya, iskar da ke bugun lagireto ta ragu saboda gudu ya ragu, sannan a tudu irin na Ɗa'ifa da ya haura mita 1,800, ko Abha da ta wuce mita 2,200, ruwan da ba a matse shi ba yana tafasa tun a wajen digiri 92 zuwa 94. Ba mamaki a ga motoci a gefen hanyoyin nan bonet a ɗage.

Sauran wuraren yoyon waje ido ne ke nemo su, amma ba jiƙa za a nema ba, sawu za a nema. Ɗigon da ya faɗa kan inji mai zafi nan take yake bushewa, ya bar farin gari ko ɓawo mai launin ruwan. A duba bakin kowane tiyo inda aka ɗaure shi, da gaɓar da robar saman lagireto ta haɗu da alminiyon, don nan ne lagireton zamani ke yawan tsagewa idan zafi ya tsufar da robar. A leƙa ƙasan famfon ruwa, yana da ɗan rami da aka bari musamman don ya fara ɗiga idan robar cikinsa ta gaji. Manyan motoci masu hita ta baya suna da dogayen bututu da suka bi ta ƙarƙashi, su ma a bi su.

Kafa ta uku ita ce wadda kowa ke tsoro: gasket ɗin kan inji, wato faifan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa yana raba hanyar ruwa da ta mai da silinda. Idan ya ƙone, ruwa yana shiga silinda ya fita ta salansa, ko ya gauraya da baƙin mai, ko hayaƙin inji ya kutsa cikin hanyar ruwa. Alamominsa farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi zafi, da kumfa da ke ta tasowa a robar ruwa, da tiyon sama da ke yin tauri ƙam jim kaɗan bayan an tayar da inji mai sanyi, da rawar inji na 'yan daƙiƙu da safe. A cire fulogi a ga ɗaya ya fita fes kamar sabo a cikin 'yan'uwansa, tururi ne ya wanke shi. Baƙin mai kuma ya koma launin shayi da madara. Sai dai a yi hattara da ɗan farin kumfar da ake gani a ƙarƙashin murfin mai lokacin sanyi: motar da gajerun zirga-zirga kawai take yi tana iya tara shi ba tare da gasket ya taɓu ba. Sandar auna mai ta fi murfi faɗin gaskiya. Motoci masu giyar otomatik da yawa kuma man giyarsu ta cikin lagireto yake bi ya huce, idan wannan bututun ya fashe sai ruwa ya shiga giya, man ya koma ruwan hoda mai kauri.

A nan ne nake son mai mota ya tsaya kai da fata. Buɗe kan inji babban aiki ne, kuma akwai takaici a ce an buɗe, an kai kan an goge, an ɗaura, an biya, bayan mako ruwa ya ci gaba da raguwa saboda tun farko hita ce ke yoyo. Kada ka yarda a kwance ƙusa ko ɗaya sai an yi gwaji biyu, dukansu ba sa cin sa'a guda. Na farko gwajin matsi: inji a sanyaye, a cire murfi a ɗaura ɗan famfon hannu mai agogo, a buga iska zuwa lambar da ke kan murfin, a jira minti goma zuwa goma sha biyar. Idan allura ta tsaya cak, hanyar a rufe take, sai a gwada murfin kansa. Idan tana sauka, a bi da fitila, a waje da kuma ƙarƙashin dashbod, don matsin zai tilasta wa ɗigon fitowa inji yana sanyi, ba zai bushe ba. Na biyu gwajin hayaƙi: wani shuɗin ruwa ne a cikin bututun gilashi da ake ɗorawa a bakin lagireto inji yana aiki. Idan hayaƙin silinda yana shiga ruwa, shuɗin ya juye rawaya a motar fetur. Warshar da ba ta da waɗannan kayan biyu, ta kuma yanke hukuncin gasket da ido kawai, gara a ƙara gaba. Yoyon da ya ƙi bayyana kuma akwai rini da ake zubawa a ruwan, a yi kwana biyu ana hawa, a haska da fitila ta musamman sai sawun ya yi ƙyalli.

To me ke huda hita da lagireto tun farko? Mafi yawa abin da muke zubawa ne. Hujjar da ake kafawa ita ce nan ba ƙasar ƙanƙara ba ce, me za a yi da maganin hana daskarewa. Amma hana daskarewa ɗaya ne kawai daga ayyukansa. Yana ɗaga matakin tafasa, kuma mafi muhimmanci yana ɗauke da sinadaran da ke kare alminiyon da ƙarfe daga tsatsa. A ƙasar da zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami lokacin aikin Hajjin 2024, mu ne ma muka fi buƙatarsa. Ruwan famfo da na tanka, har ma da na gora da muke sha, suna da gishiri da ma'adinai da ke daskarewa a jikin bututu, su kuma ci ƙarfe daga ciki. Maganin ma yana tsufa. Mai ruwan hoda na Toyota an tsara a canza shi karon farko a kilomita 160,000, daga nan duk kilomita 80,000. Na General Motors mai ruwan lemo shekara biyar ne ko kilomita 240,000. Tsohon nau'in kore bai kai haka ba, wajen shekara biyu ne. Launi kuma ba doka ba ne, kamfanoni ne ke rina shi yadda suka so, don haka littafin mota za a bi, kada a gauraya iri biyu don launinsu ya zo ɗaya. Idan larura ta kama a tsakiyar hanyar Madina, ruwan gora ya fi barin inji ya ƙone nesa ba kusa ba, amma in an isa gari a zubar a sa na gaskiya.

Garin toshe yoyo da ake sayarwa, da dabarun ƙwai ko barkono, suna iya kai mutum gida. Matsalarsu ba su san bambancin rami da siririn bututu ba, kuma mafi sirantar bututu a motar na hita ne. Cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da wasu ke yi wai don mota ta daina zafi shi ma ba ya mayar da ruwan da ke zuba, sai dai ya bar inji yana aiki cikin sanyin da bai dace ba yana ƙara shan mai.

Idan an tabbatar hita ce, zaɓi biyu ne. Canza ta shi ne gyaran gaskiya, kuma kuɗin aikin yakan fi na kayan, domin a motoci da yawa sai an sauke dashbod gaba ɗaya, wani lokaci har a zuƙe gas ɗin esi, aikin yini guda. Shi ya sa yawancin warsha ke ba da shawarar a soke ta: a cire tiyon nan biyu a haɗa su da juna ta gefen inji, ruwa ya daina shiga ciki. Wannan yana tsayar da yoyo nan take kuma ba ya cutar da inji idan an ɗaure da kyau an fitar da iskar da ta shiga. Ga mai neman abincinsa da motar, wanda ba zai iya ajiye ta ba a tsakiyar Ramadan, ban ga laifin hakan ba a matsayin tsayar da jini. Amma ya san abin da ya bayar. Share gumi da sauri aikin haɗin gwiwa ne: esi ya tsotse danshin iska, hita ta ɗumama ta, busasshiyar iska mai ɗumi ta kwashe ruwan da ke kan gilashi. Ba hita, rabin aikin ya tafi, kuma ranar da za a nemi wannan rabin ita ce ranar da hazo ya sauka a kan lanƙwasar Hada ko dutsen Baha, mota cike da fasinja. Sannan hita ita ce mafakar ƙarshe idan allura ta fara hawa a tudu: a kashe esi, a buɗe tagogi, a murɗa zafi da fanka zuwa ƙarshe, ƙaramin lagireton ya taya babban zubar da zafi har a sami wurin tsayawa. Wanda ke bin hanyoyin dutse ko na arewa a hunturu, ya tara kuɗi ya mayar da ita.

Barin ta tana yoyo ana ƙara ruwa shi ne abin da bai kamata ba ko kaɗan. Tururin da ke shafe gilashi shi ne ake shaƙa, kuma ruwan yana gangarowa kan wayoyin da ke ƙarƙashin kafet. Maganin lagireto guba ne, yana da zaƙi a baki kuma yana lalata ƙoda, ɗan kaɗan ya isa ya cutar da yaro. A motocinmu da ba a raba su da gorunan ruwan sha da jarkokin Zamzam, kada a kuskura a juye shi a gorar ruwa a ajiye a but. A bar shi a mazubinsa na asali. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi inji na da zafi, ruwan da ke matse yana iya tsalle ya ƙona fuska da hannu. A jira aƙalla rabin sa'a, a matsa tiyon sama a ji ya yi laushi, a sa tsumma mai kauri a buɗe a hankali. Motar da ta riga ta tafasa ta zubar da ruwanta, kiran motar ɗauka ya fi lallaɓawa arha.

Bayan gyara gumin ba ya ɗaukewa nan da nan, kuma wannan yana sa wasu zargin mai gyara ba gaira ba dalili. Soson ƙarƙashin kafet yana riƙe da ruwan, sai an ɗaga shi an wanke an shanya. Akwatin iska yana da saura a ciki, gilashi kuma yana da maiƙon da sai an wanke shi da sabulun gilashi sau biyu ko uku. Don a tabbatar yoyon ya tsaya, a sa alama da maka a jikin robar ruwa daidai inda ruwan ya tsaya, da safe kafin a tayar da inji, motar a wuri mai daidaito. Kwana biyu na farko yana iya ɗan sauka saboda ragowar iska na fita, a cika zuwa alamar. Daga nan a riƙa dubawa kowace safiya har mako biyu, a lokaci guda, inji a sanyaye.